Yadda Ake Daidaita Rezolushan na Allon Kwamfuta

Idan rubutu ya yi dishi-dishi a allon kwamfutarka, ko fuskar mutum ta baje kamar an ja ta ta gefe biyu, ko baƙin fili ya bayyana dama da hagu, kada ka yi saurin ɗaukar monita zuwa wurin masu gyara a PZ, cikin Zariya. Sau da yawa babu abin da ya lalace, rezolushan ne bai dace da allon ba, kuma gyaran ba ya cin minti biyu.

Allon kwamfuta ƙananan ɗigo-ɗigo ne da ake kira fiksel. In an rubuta 1920×1080, ana nufin ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye, wannan adadin shi ake kira rezolushan. Kowane allo shafaffe irin na yanzu an ƙera shi da adadi guda tak, kuma a wannan adadin ne kaɗai hoto yake fitowa tangaram. Yawancin tsofaffin laftof 'yan kwatano da ɗalibai ke riƙewa a Samaru da Kongo 1366×768 ne. Monita mai kusan murabba'i ɗin nan, inci 17 ko 19, da ake gani a shagunan buga takardu, galibi 1280×1024 ce. In ka ba allo adadin da ba nasa ba, dole ya miƙe hoton ko ya matse shi, daga nan dishi-dishin yake zuwa.

A Windows 10 da 11, rufe abin da kake yi ka koma fuskar farko. Sa linzami, wato maus, a inda babu komai, ka danna maɓallinsa na dama, ka zaɓi Display settings. Gangara ƙasa har ka ga Display resolution. Buɗe jerin, ka nemi wanda aka rubuta Recommended a gabansa, shi ne na allonka na asali. Da ka zaɓa allon zai ɗan ƙifta, sai a tambaye ka Keep changes ko Revert. In ya yi maka, danna na farko. In allon ya yi baƙi ƙirin ko ya rubuta Out of range, kada ka kashe kwamfutar, kada ka taɓa komai. Bayan daƙiƙa 15 za ta koma yadda take da kanta. Masu Windows 7 kuwa, Screen resolution za su gani bayan danna maɓallin dama.

Ga inda na fi so a tsaya. Mutane da yawa, musamman iyayenmu da ido ya fara rauni, in rubutu ya yi musu ƙanana sai a rage musu rezolushan. Rubutun zai yi girma, gaskiya ne, amma gefen haruffan zai dushe, mutum ya wuni yana ƙanƙance ido, da yamma kai na sara. Wannan ba taimako ba ne. Bar rezolushan a kan Recommended, ka duba sama da shi kaɗan inda aka rubuta Scale, ka ɗaga daga 100% zuwa 125% ko 150%. Haruffa da gumaka za su girma, kaifinsu yana nan. Wasu tsofaffin manhajoji sai an rufe su an sake buɗewa kafin su bi sabon girman.

Ɗaliban ABU masu shirin kare aikin bincike, ku gwada majigi tun kafin malamai su zauna. Bayan an jona waya, riƙe maɓallin Windows ka danna P. Duplicate yana nuna abu ɗaya a wuri biyu, don haka laftof da majigi sai sun yi tarayya a rezolushan ɗaya. Tsofaffin majigi da yawa 1024×768 ne, shi ya sa allon laftof ke tsukewa. Extend kuwa yana barin kowanne da nasa. A Display settings danna Identify, lamba za ta fito a kan kowane allo, ka zaɓi wanda kake son gyarawa kafin ka taɓa jerin.

Wani lokacin jerin yakan ƙi buɗuwa, ko ka tarar adadin allonka ba ya ciki. Wannan ya fi faruwa bayan an yi wa kwamfuta fomat ba a sa direban hoto ba, wato manhajar da ke sarrafa hoton allo. Buɗe Device Manager, ka duba Display adapters. In ka ga Microsoft Basic Display Adapter, to direba ne babu. Jona intanet ka bar Windows Update ya ɗauko, ko ka sauke shi daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, HP ne ko Dell ko Lenovo.

Mai amfani da wayar VGA, mai shuɗin kai da ƙusoshi biyu, ya ɗaure ƙusoshin sosai, sannan ya danna maɓallin Auto a jikin monita don hoton ya zauna daidai tsakiya. In monita da kwamfuta duk suna da ramin HDMI, koma kansa. Hotonsa ya fi tsabta, kuma ba ya buƙatar Auto.