Yadda Za Ka Karɓo Kuɗinka Idan Lauyanka Ya Rasu

Ka fara zuwa ta'aziyya, maganar kuɗi sai bayan sadakar bakwai. Kafin nan tattara rasit da alat na banki.

In yana da abokan aiki a ofis, su ci gaba da shari'ar, ko su ba ka fayil ɗinka da kuɗin aikin da bai yi ba. Kuɗin aikin da ya riga ya yi kam, haƙƙin marayunsa ne, ni ban yarda a taɓa ba.

In shi kaɗai ne, kuɗinka bashi ne, kuma ana biyan bashi kafin rabon gado. Rubuta wa magada, ka sanar da kotun da za ta raba gadon. In an ƙi sauraronka, kai kuka ƙungiyar lauyoyi, NBA reshen Kano, su shiga tsakani.