Yadda za ki gane labarin "ta mutu ta dawo" mai kyau kafin ya cinye miki data

Kin san irin labaran nan da jaruma za ta mutu a wulaƙance, miji ya ci amanarta ƙanwa ta ba ta guba, kawai sai ta buɗe ido ta ganta shekara goma baya da duk abin da ta sani a kanta. Yawancinsu daga Sin da Koriya ta Kudu da Japan suke fitowa, a Sin manyan kasuwanninsu na intanet Qidian ce da aka kafa a 2002 da Jinjiang da aka kafa a 2003 wadda mata suka fi cika, a Koriya kuma KakaoPage da Naver. Babi-babi ake sayarwa a can, na farko-farko kyauta sauran ki biya, shi ya sa za ki ga labari ɗaya ya wuce babi 500 ana ta jansa kamar cingam. Mu dai mun san wanda ya mutu ba ya dawowa, tatsuniya ce ake sha, kuma finafinan Indiya sun daɗe da saba mana da irinta.

Ki fara gane wane iri ne a hannunki. Wanda 'yan Sin ke ce wa chongsheng jikinta na da ta koma, ramuwa ce ke jan labarin. Chuanyue kuwa jikin wata ta faɗa, a wani zamani ko ma cikin littafin da ta taɓa karantawa, nan neman tsira ne da ban dariya.

To abin da ya fi muhimmanci, kar ki yanke hukunci da babi 20 na farko, wallahi kusan dukansu daɗi gare su a nan, don ke da jaruma kun san abin da mugaye ba su sani ba. Ƙanwa ta miƙo kofin shayi tana murmushi tana cewa yaya sha da zafinsa, jaruma ta karɓa ta yi godiya, ana juya baya ta tuttule shi a tukunyar fulawa, da safe fulawar ta bushe. Wa zai ajiye littafi a nan? Amma ƙarfin labarin shi ne kuma rauninsa, saboda da zarar ta canza abu ɗaya dole sauran su canza, saninta na gobe ya zama tsohon yayi. Ki tsallaka can wajen babi 60 ko 70 ki leƙa. Idan ta fara kuskure, abu ya zo mata ba yadda ta sani ba har ta rasa wani nata, marubuciyar ta iya allonta. Idan har yanzu tana kayar da kowa da "ai na san abin da zai faru", ki ajiye, haka za a tafi har ƙarshe.

Sai ki duba mugayen. Kishiyar da ko ƙarya ba ta iya shiryawa ba, ta yaya ta kashe jaruma a rayuwar farko? Ni wannan yana ba ni haushi sosai.

Soyayyar kuma tambaya ɗaya ce, me ya gani a wajenta? Akwai wani sarkin yaƙi mai fuskar shanu da ke yawo a rabin labaran nan, ba ya dariya ba ya kula mace, amma daga ganinta sau ɗaya ya susuce ba dalili. Wanda ya fi muni shi ne mijin da ya sa aka kashe ta ya dawo masoyi ba tare da ya ɗanɗana kuɗarsa ba, wai ai a wannan rayuwar bai yi komai ba tukuna. Mai kyau shi ne wanda sirrin ke cin ta, tana sonsa tana tsoron ranar da zai san ta taɓa mutuwa, kuma aka zauna aka rubuta ranar da ta faɗa masa.

Kafin ki biya ko sisi ki duba fassarar, in na'ura ce za ki ga "shi" ya koma "ita" a layi ɗaya, sunan mutum ya canza sau uku. Ki kuma tabbatar an gama fassara shi, ni akwai wanda na bi har babi 212 ana gobe ɗaurin aure mai fassara ta ɓace, yau shekara biyu ke nan.