Laburaren unguwa: kurakuran da muka fi yi a Zango da yadda za a gyara su

Jama'a salamu alaikum. Akwai abin da ke damuna game da mu mutanen Zango a nan Accra, daga Nima da Maamobi har Sabon Zango da Fadama da Madina. Laburare na nan kusa da mu, wani ma kullum sai ya wuce ta ƙofarsa kafin ya hau trotro, amma in ka tambaye shi me ake yi a ciki sai ya ce ai wajen yara ne masu jarabawa. Alhali ƙasar nan tana da hukumar laburare ta gwamnati tun 1950, tun ana kiranta Gold Coast, hukumar ita ce yau Ghana Library Authority, kuma da harajinmu ake biyan ma'aikatanta. Ban da nata rassan akwai ƙanana na unguwa, kamar na Nima-Maamobi wanda ƙungiyar Osu Children's Library Fund ta kawo, ƙungiyar da wata 'yar Kanada, Kathy Knowles, ta faro a 1990 da karanta wa yara shida littafi a gindin bishiya. To abin akwai shi, mu ne dai ba mu iya cin moriyarsa ba.

Babban kuskuren, wanda sauran duk 'ya'yansa ne, shi ne ba ma tambaya. Mutum zai shigo ya tsaya bakin ƙofa ya leƙa, ya ga kantoci da littattafai, ya ga anti na zaune a tebur tana rubutu, sai kunya ta kama shi ya juya. Wallahi matar nan da kake gani aikinta kenan a tambaye ta. Ka yi mata gaisuwa ka ce anti me da me kuke yi a nan, wace rana ake karanta wa yara labari, akwai ajin manya, akwai kwamfuta, ƙarfe nawa kuke rufewa ran Asabar. In Turanci na ba ka wuya ka yi da Twi ko Ga, a Nima kuwa da wuya ka rasa mai jin Hausa a wajen. Sannan ka dubi allon sanarwa, yawanci yana daf da ƙofa, takardu ne manne da fil wata kan wata, ta ƙasa har ta yi ja don daɗewa, ta saman nan ita ce ta wannan watan. Ka ɗauke ta hoto da waya ka tura gurup ɗin gidanku ko na masallaci, shikenan ka yi rabin aikin.

Sai maganar jarabawa. Mu ba ma tuna laburare sai BECE ko WASSCE, jarabawar gama ƙaramar sakandare da ta babba, ta matso, ranar ne za ka ga uwa ta tasa ɗanta gaba wai ya je ya yi karatu, ya isa ya tarar kujeru sun cika tun safe, littafin tsofaffin tambayoyin hukumar jarabawa ta WAEC ɗin ma guda biyu ne kuma suna hannun wasu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ke kayar da yaranmu sau da yawa ba lissafi ba ne ba kimiyya ba, tambayar ce ba ya gane me take nufi, don Turancin bai zauna masa ba, a gida Hausa, a layi Hausa da Twi da fijin, Turanci sai a aji kawai. Wannan kuwa ba a gyara shi cikin wata biyu. Gyaran shi ne yaro ya fara shiga tun yana firamare, ya riƙa zuwa lokacin karatun labari, yana aro ƙaramin littafi mai hotuna yana kawowa gida. Kar ki ce wannan ai littafin wasa ne Hajiya, ki kawo masa na darasi. Na wasan shi ke sa baki ya saba. Shi kuma mai jarabawar da ya riga ya makara, ya je da sassafe, ya je da littafin rubutu da biro, ya bar waya a aljihu.

Wani kuma, mun mai da wajen gidan raino. Za ka ga yarinya 'yar shekara goma ta shigo da goyon ƙaninta, a hannu ledar koko da ƙosai, ga wani ɗan shekara uku na jan zaninta, uwar ta tafi kasuwa ta ce su zauna can har la'asar. Jaririn ya fara kuka, ɗan ukun ya kama littafi da hannun mai, ita yarinyar ko shafi ɗaya ba ta karanta ba, ƙarshe a ce su fita, uwa kuma ta dawo tana faɗa wai an kori 'ya'yanta. Na san halin da ake ciki, mai talla ba ta da mai riƙe mata yara, ba zargi nake ba. Amma in za ki tura ta, ki ba ta ko awa ɗaya da ita kaɗai ce, ki bar ƙananan wajen maƙwabciya, abinci kuma a ci a waje a wanke hannu. Kuma ko sau ɗaya ki raka ta ki gaisa da ma'aikatan su san fuskarki, yaron da aka san uwarsa daban ake kula da shi, ko'ina haka ne.

Rajista ma mutane na gudunta, wasu na zaton kuɗi ne mai yawa, wasu fom ɗin ne ke ba su tsoro. Zama ka yi karatu a ciki daban, aro ka tafi da shi gida daban, na biyun ne ke son kati. Ka tafi da Ghana Card ɗinka da ɗan hoton fasfo da lambar waya mai aiki, in kana da adireshin GhanaPost GPS na gidanku ka rubuta shi a takarda, don a lungunan Nima "bayan masallaci kusa da mai waakye" ba ya shiga fom. Na yaro kuma yawanci sai babba ya sa hannu. In ba ka iya cikewa ba ka faɗa a cike maka, kar ka karɓi fom ka ce za ka dawo gobe alhali ka san ba dawowa za ka yi ba. In akwai abin biya ka nemi rasit.

Yanzu ga wanda ya fi raba mutanenmu da laburare gaba ɗaya, kuma ba a cika faɗarsa ba: littafi ya wuce ranar mayarwa, ko ya lalace, sai mutum ya ɓuya. Yaro ya aro littafi, ruwan watan Yuni ya shigo ɗaki ya jiƙa shi, ko shito, miyar barkonon nan, ya ɗiga a kai, ko ƙaninsa ya yage bango. Tsoro ya kama shi ya tura littafin ƙarƙashin katifa, sati ya zama wata, wata ya zama shekara, har ya daina bin layin laburaren ma kar anti ta gan shi. An yi asarar littafi an yi asarar mai karatu. Iyaye dan Allah in kun ga littafi mai hatimi a gida ku buɗe bangon, yawanci akwai 'yar takarda da aka buga ranar mayarwa. In ranar ta kusa kuma bai gama ba a je a sabunta, minti biyu ne. In ta wuce a kai hakanan a ba da haƙuri, ko akwai tara ba za ta kai kuɗin littafin ba. In ya jiƙe kar a shanya shi a rana tsaka ko a kan murhu, takardar kumbura take ta lanƙwashe, a tsayar da shi a buɗe a inuwa inda iska ke bi. In ya yage kar a manna da salatif ko ruwan kanzo, a kai musu da yagaggen shafin a ciki, su suna da abin gyaransu. Kuma kar a doki yaron a gaban mutane kan wannan, in ka doke shi ya gama da littafi kenan.

Kwamfuta. Ba kowane laburare ke da ita ba, amma inda akwai, abin haushi ne ka ga mutum ya wuce ta ya je kafe ya biya wani yaro ya duba masa sakamakon WAEC ko makarantar da CSSPS, tsarin raba wa yara sakandare ta kwamfuta, ta tura ɗansa, ya miƙa lambar jarabawa da komai, har imel ɗin ma yaron kafen ne ya buɗe kuma shi kaɗai ya san fasuwod. Tun da aka fara Free SHS, karatun babbar sakandare kyauta, a 2017 kusan kowane gida na da mai jiran wannan sakamakon, ya kamata a ce kowane gida akwai mutum ɗaya da ya iya dubawa da kansa. In ana ajin koyon kwamfuta ka sa sunanka, ko kai tela ne ko direba. Waɗanda kuma suka iya, nasu kuskuren daban: a buɗe Facebook ko Gmail a tashi ba a fita ba, na bayanka ya zauna ya tarar da komai a buɗe. Ko mutum ya yi awa guda yana buga takardar neman aiki bai adana ba, ECG su ɗauke wuta. Ka riƙa adanawa kana tura wa kanka ta imel, kar ka bar hoton Ghana Card ɗinka a kan kwamfutar jama'a, lambar sirrin MoMo, kuɗin waya, kuwa ba ta da abin yi a can sam. Mai babbar waya ya sauke Ghana Library App, akwai littattafai a ciki, ya fi a ƙone bandil a TikTok.

Ajin manya shi ne inda girman kai ke cutar mu. Akwai iyayenmu mata a kasuwar Nima da Makola da za su yi maka lissafin buhu goma da ka kafin ka ciro waya, amma in saƙon MoMo ya shigo sai sun nemi wanda zai karanta musu, kuma ta nan 'yan damfara ke shiga. Akwai dattawa da suka sauke Alƙur'ani suna rubuta wasiƙa da ajami, su ba jahilai ba ne ko kaɗan, baƙin boko ne kawai ba su koya ba, kuma wanda ya riga ya san harafi da wasali ba ya daɗewa. A Nima an daɗe ana ajin koyon karatu na manya a laburare. Abin da ke hana mutane shi ne kar jikana ya gan ni da fensir. To Baba ai gara ya gan ka da fensir da ya riƙa karanta maka takardar asibitinka. In kunya ce ku haɗu ku uku ko huɗu ku je tare.

Sai lokaci, nan kam laifin ba namu ne mu kaɗai ba. Shirye-shiryen yara da yawa ran Asabar da safe ake sa su, daidai lokacin da yaranmu ke makaranta wajen malam, wani taron kuma a sa shi Juma'a da azahar ko da yamma cikin azumi lokacin da mata ke kan girkin buɗa baki. Mu kuma maimakon mu yi magana sai mu ƙi zuwa mu koma gefe muna cewa ba don mu aka yi ba. Su kuwa ma'aikatan abin da suke gani shi ne rajistar masu zuwa, littafin nan da ke kan tebur wanda muke wucewa ba mu sa hannu, da shi suke rubuta rahoto, da shi ake yanke ko a ci gaba da shiri ko a soke shi ko a kai wata unguwa. Don haka duk shigar da ka yi ka rubuta sunanka. In lokaci bai yi muku ba ku tashi mutum biyu uku, da malamin makaranta, in da hali da asembiliman, wato wakilin unguwa a majalisa, ku je ku ce ga yaranmu talatin amma sai bayan azahar suke samun zuwa. Malaman ma su taimaka, sanarwa ɗaya bayan sallar Juma'a ta fi fosta ashirin.

Waya na ƙara a ɗakin karatu, amsa kira da "ina laburare ne" da ƙarfi, ajiye jaka a kan kujera ka tafi yawo awa uku, waɗannan ba sai na yi dogon bayani ba, a daina kawai.

Kyautar littafi kuma, wasu in sun share ɗaki sai su kwaso tsofaffin littattafan da ɓera ya ci da na silabas ɗin da aka daina su jibge wa laburare wai sadaka, ma'aikata su rasa inda za su sa. Ka tambaya tukuna me suke buƙata. Ni da za a bi tawa, littattafan Hausa za mu riƙa kaiwa, don kusan duk kantocin Turanci ne sai ɗan abin da ba a rasa ba na Twi da Ga da Ewe. Hausa ba ta cikin harsunan da Bureau of Ghana Languages ke buga wa littattafai, duk da GBC, gidan rediyo da talabijin na ƙasa, na labarai da ita, saboda haka in ba mu muka kawo ba ba mai kawowa. Masu zuwa Kano da Zariya da Yamai fatauci suna iya saƙo littattafan yara goma a cikin kaya ba su ji nauyi ba. Amma tsofaffin takardun kakanni na ajami da Larabci, waɗanda ke cikin gafaka a ƙasan akwati, kar a kai su ƙaramin laburaren unguwa, ba su da wajen adana irinsu kuma damshin Accra cin takarda yake. Waɗannan sai Jami'ar Ghana da ke Legon, Institute of African Studies, inda tun shekarun 1960 ake tara rubuce-rubucen malaman ƙasar nan har da na Alhaji Umaru na Kete-Krachi wanda ya rasu a 1934. In za ku je ku fara shawara da manyan gida, kuma ku tambaya ko za a ɗauki hoton takardun a bar muku na asalin.