Yadda ake rainon jan bado a tankin kifi na gida

In ana neman tsiro mai launi da ba zai wahalar da mutum ba a tankin kifi, ni jan bado nake nuna wa kowa. Masu sayar da kayan kifin ado Tiger Lotus suke ce masa. Ɗan Afirka ta Yamma ne, jinsinsu ɗaya da badon da ke rufe tafkunanmu da damina, sai dai shi ganyensa ja ne mai ɗige-ɗigen jan da ya fi duhu. Ruwa mai ɗumin digiri 22 zuwa 28 yake so, kuma ba ruwansa da na'urar hura iskar carbon dioxide cikin ruwa da wasu jajayen tsirrai ke nema.

Dunƙulen saiwa za a ba ka, girman goro ko ƙasa da haka. Latsa shi tun a shago. In da tauri, saya. In ya lotsa ko yana wari, ya ruɓe, ko kyauta ne kada ka karɓa. Kada kuma ka ce bari ka tsinko na kududdufi don sauƙi: yawanci kore ne, kuma yakan taho da matsattsaku da ƙananan dodon koɗi, irin masu ɗauke da tsargiya.

Wajen shuka ne aka fi yin ɓarna. Ba a binne shi. Ɗora shi kan yashi ko ƙananan tsakuwa, ka ɗan danna yadda kashi ɗaya cikin uku ne kawai zai nutse, wajen da tsiron ke leƙowa yana kallon sama. In ka rufe shi ruf, ruɓewa zai yi. Ni a ƙaramin kasko nake sa nawa, in turbuɗe kaskon cikin tsakuwa, don saiwar bado ba ta san iyaka ba. In ka sake ta, sai ta mamaye gindin tankin ta cinye abincin sauran tsirrai. Ta saiwa yake ci, don haka ka tura ƙwayar takin tanki ɗaya a gefensa duk bayan wata biyu ko uku, mai sinadarin ƙarfe in da hali. Takin gona kuwa kada ya kusanci ruwan, kifin zai kashe.

Haske awa 6 zuwa 8 ya wadatar. Kada dai rana ta riƙa dukan gilashin kai tsaye, gansakuka za ta cika shi.

To, ga inda almakashi ke shigowa. Ganyen farko a ƙasa suke tsayawa, jajaye, masu laushi, gefensu na ɗan lanƙwasa. Can sai ka wayi gari ka ga wani siririn kara ya miƙe da ganye a naɗe, yana neman saman ruwa. Cikin 'yan kwanaki ya kai. In ka bar shi, na bayansa duk can za su bi, su yi wa tankin rumfa, na ƙasa su rasa haske. Yanke shi daga gindi tun bai kai ba, ka yi ta yi, har tsiron ya haƙura ya zauna a dunƙule. Wanda ke son ganin furensa, fari mai buɗewa da dare, shi ne zai bar ganye uku ko huɗu su hau.

Ƙananan kifin ado irin su gofi (guppy) suna zaman lafiya da shi. Goldfish, kifin adon nan mai ruwan zinariya, ganyen zai ci, karfasa kuma ta tone shi.

Wani lokaci, musamman in ruwa ya yi sanyi da hunturu, sai ganyen su narke ɗaya bayan ɗaya. Kwashe su kada su ɓata ruwa, sannan ka latsa dunƙulen. Muddin da tauri, barci yake yi. Bar shi a inda yake, bayan 'yan makonni zai sake tohowa.