Yadda Ikilisiya Za Ta Kiyaye Ranar Hutu Tare

Yawancin ikilisiyoyin Arewa, irin su ECWA, COCIN, EYN da Katolika, Lahadi suke keɓewa, domin ran nan Yesu ya tashi daga matattu. 'Yan Adventist kuwa, kamar na Jengre a Jihar Filato, Asabar suke kiyayewa, daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa ta Asabar. Ko wacce ce taku, dattawa su tsayar da lokacin farawa da na gamawa, a sanar wa kowa. Masu bin faɗuwar rana su lura, lokacin yana matsawa: wajen ƙarfe 6 a Nuwamba, kusan ƙarfe 7 a Yuli.

Yawancin aikin a jajibere yake. A Littafin Fitowa sura 16, ninki biyu na manna, abincin da Allah ya ba su a jeji, Isra'ilawa suke tarawa a rana ta shida. Haka za ku yi: a kai niƙa, a cika randa da jarkoki, a tanadi gawayi, a yi wanki, a goge tufafin zuwa coci da zarar an kawo wuta, kada a jira safiya. Miya a dafa ta da yamma, a sake tafasa ta kafin barci da kuma da asuba. A zafin Maris da Afrilu, miyar da ba a tafasa ba kafin a dawo daga sujada ta yi tsami, musamman in an tsoma mata cokalin da aka ci da shi. Tuwo a tuƙa isasshe, gobe a yi ɗumame.

Sai batun wa zai huta, kuma nan ne aka fi tuntuɓe. Maimaitawar Shari'a 5:14 ta jera ɗa da 'ya, bawa da baiwa, sa da jaki, har baƙo. Saboda haka kowane magidanci ya duba gidansa. In maigida yana kishingiɗe, uwargida na fama da murhu, 'yar aiki na wanke-wanke, to hutun mutum ɗaya aka yi. Mai shago ya sallami yaronsa ba tare da yanke masa albashi ba. Wanda ya ba da babur ana kawo masa balas, ya yafe na ranar, in ba haka ba yaron dole ya fita nema.

Coci ma kan cinye ranar. Sujadar awa biyu takan koma huɗu saboda sanarwa da baiko kashi-kashi, daga nan taron kwamiti, daga nan koyon waƙa. A rubuta sanarwa a manna a ƙofa, a karanta uku mafi muhimmanci kawai. Taron kwamiti da lissafin kuɗi a mayar da su tsakiyar mako. Masu tsaron ƙofa, malaman makarantar Lahadi da masu share majami'a a raba su rukuni huɗu, kowane rukuni mako ɗaya a wata. Fasto kuwa, tunda ranar aikinsa ce mafi nauyi, a ba shi Litinin, kuma a daina buga masa waya sai da dalili mai ƙarfi.

Cin abinci tare sau ɗaya a wata ya isa. Mudu ɗaya na shinkafa yakan ishi manya takwas zuwa goma, sai a lissafa bisa yawan jama'a. Kada a jibga wa Zumuntar Mata komai. Maza da matasa su ɗauki ɗebo ruwa, jera kujeru da wanke kwanuka. A fara cire rabon marasa lafiya, tsofaffi da gwauraye kafin a zuba wa kowa, mutum biyu-biyu su kai musu da la'asar, su yi addu'a, kada su wuce rabin awa.

Akwai aikin da ba ya jira. Yesu da kansa, a Luka 13:15, ya ambaci kwance sa ko jaki a kai shi shan ruwa ran Asabar. Dabbobi za su ci, ma'aikatan jinya da jami'an tsaro za su fita, sai a taimaka musu su sami wata rana a mako. Da damina, manomin da ciyawa ta rufe wa gona ba tsawatawa yake buƙata ba. Matasa su shirya masa gayya kafin ranar hutu ta zo.