Yadda ake shirya wa kwas ɗin koyon Hindi na mako takwas ta intanet daga Sakkwato

Duk shekara, daga watan Yuni zuwa Agusta, wasu jami'o'i da cibiyoyin koyar da harsuna suna buɗe azuzuwan harshen Hindi na musamman domin waɗanda ba su taɓa koyonsa ba, kuma da dama daga cikinsu ta intanet ake yin su. Tsarin shi ne a ɗauki karatun da aka saba yi a zango biyu na jami'a a dunƙule shi cikin mako shida zuwa takwas, ana zama da malami awa uku ko huɗu kullum daga Litinin zuwa Juma'a, sannan a biyo ɗalibi da aikin gida mai yawa. Cibiyar SASLI, mai koyar da harsunan Kudancin Asiya, ta Jami'ar Wisconsin da ke Madison a Amurka tana cikin waɗanda suka yi suna da irin wannan tsari na mako takwas. A can lokacin hutun zafi ne, a nan Sakkwato kuwa tsakiyar damina ce, kuma wannan bambanci kaɗai ya isa ya sa mai niyya ya zauna ya yi lissafi kafin ya biya ko kwabo.

Ka fara da tambayar kanka inda kake son amfani da harshen. Abin da muke kira Indiyanci a finafinai shi ne Hindi, amma kundin tsarin mulkin Indiya ya lissafa harsuna 22, kuma a ƙidayar 2011 masu Hindi a matsayin harshen uwa sun kai kimanin miliyan 528, wato ba su kai rabin al'ummar ƙasar ba. Idan Delhi za ka, ko Noida, ko Lucknow, ko Jaipur, ko ma Mumbai, Hindi zai yi maka amfani a kasuwa da tasha da ɗakin jinya. Idan kuwa Chennai za ka raka marar lafiya, Tamil ake yi a can, a Bengaluru kuma Kannada, don haka gara ka ƙarfafa Ingilishinka. Ka kuma daidaita burinka da gaskiya. Cibiyar horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta ƙiyasta cewa mai jin Ingilishi yana buƙatar kimanin awa 1,100 a aji kafin ya iya aiki da Hindi sosai, alhali kwas na awa huɗu a rana tsawon mako takwas awa 160 ne kacal. Abin da za ka fita da shi shi ne karatu da rubutu a hankali, gabatar da kai, ciniki, tambayar hanya, da bayyana inda ke yi maka ciwo. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda zai sauka a baƙuwar ƙasa.

Kafin ka dubi kuɗin kwas, dubi agogo. Indiya tana gaban Nijeriya da awa huɗu da rabi, saboda haka ajin da aka sa ƙarfe shida na yamma a Delhi zai kama ƙarfe ɗaya da rabi na rana a nan, lokacin Azahar ke nan, ranar Juma'a kuma zai yi karo da masallaci kai tsaye. Madison tana bayanmu da awa shida a waɗannan watanni, don haka ajin da ya fara ƙarfe tara na safe a can zai fara ƙarfe uku na yamma a nan, ya haɗiye La'asar, ya ƙare daf da Magariba. Ingila kuwa agogonta daidai yake da namu a wannan lokaci na shekara. Ka rubuta wa masu shirya kwas ɗin tun da wuri ka tambaye su lokacin hutun tsakiyar darasi, ka gaya musu kana buƙatar minti goma don salla, kuma ka tambaya ko suna naɗar darasi ga wanda layinsa ya yanke. Kwas ɗin da ba ya naɗar darasi bai dace da mai zama a Sakkwato da damina ba, komai kyansa.

Sauran tambayoyin kaɗan ne. Ka tabbata malami ne ke koyarwa kai tsaye, domin tarin bidiyo da aka naɗa ba zai gyara maka lafazi ba. Ka tambayi yawan ɗalibai, domin idan sun wuce goma sha biyu da wuya ka sami damar buɗe baki fiye da sau biyu a awa. Ka sani cewa da Ingilishi ake yin bayani a kusan dukkansu. Kwasa-kwasan jami'o'in Amurka suna da tsada ƙwarai idan aka juya dala zuwa naira, kuma wanda ba shi da hali yana iya haɗa nasa tsarin ta hanyar ɗaukar malami ɗan Indiya a dandali irin su italki ko Preply, ya yi awa ɗaya kullum, ya cika sauran da littafi. Ka kuma je bankinka ka tabbatar katinka yana biyan kuɗi zuwa waje kafin ranar rufe rajista ta ƙarato.

Abin da na fi so mai karatu ya riƙe a wannan rubutu shi ne ya koyi baƙaƙen Devanagari, wato haruffan da ake rubuta Hindi da su, kafin ranar farko ta aji. Kwas na gaggawa yakan gama da baƙaƙe cikin 'yan kwanakin farko, kuma wanda bai kama su ba a lokacin zai yi ta bin ajin a baya har ƙarshe, yana fama da harafi alhali abokansa suna kan jimla. Ka ware mako uku kafin a fara. Ana koyar da wasula 11 da baƙaƙe 33, ana rubutu daga hagu zuwa dama, kuma haruffan suna rataye ne a jikin layin da ake ja a samansu. Jerin baƙaƙen yana da tsari mai kyau, domin an jera yawancinsu biyar-biyar bisa wurin da sauti ke fitowa, daga can cikin baki zuwa ganɗa, zuwa haƙora, zuwa leɓɓa. Duk wanda ya zauna gaban malamin tajwidi ya koyi mafitar haruffa zai gane hikimar nan take. Ka ɗauki layi ɗaya kowace rana, ka rubuta shi da hannu a takarda mai layi kana furtawa da ƙarfi, kada ka tsaya ga taɓa allon waya kawai.

Akwai wurare uku da sabon shiga yakan yi tuntuɓe. Kowane baƙi yana ɗauke da gajeren wasalin a a cikinsa ko da ba a rubuta ba, sai dai a ƙarshen kalma yawanci ba a furta shi, shi ya sa कल ake karanta shi kal. Alamar gajeren i ana rubuta ta kafin baƙin amma a furta ta bayansa, kamar a कि, wato ki. Sannan idan baƙaƙe biyu suka haɗu babu wasali a tsakani sukan narke su zama siffa ɗaya, kuma waɗannan haɗaɗɗun ka bar su zuwa mako na uku. Kada ka yarda da shawarar rubuta Hindi da haruffan boko don sauƙi, domin boko yana ɓoye bambancin sautukan da ma'ana ta dogara a kansu. Wanda ya saba da ajami zai iya sha'awar rubutun Urdu, wanda ake yi da haruffan Larabci, tunda a maganar yau da kullum harsunan biyu kusan ɗaya ne, amma ajin Hindi da allunan kan titi a Delhi Devanagari za su nema daga gare ka.

A fannin lafazi Bahaushe yana da jari. Mun saba bambanta dogon wasali da gajere, saboda haka kam, wato kaɗan, da kaam, wato aiki, ba za su rikita mu ba, haka nan nanata baƙi kamar a pataa, adireshi, da pattaa, ganye. Inda aikin yake shi ne baƙaƙe masu fitar da iska da marasa fitarwa, da kuma waɗanda ake naɗe harshe zuwa ganɗa. Hindi yana da t iri huɗu da d iri huɗu. Bakwai सात ne, kalmar "tare" साथ ce, sittin kuwa साठ ne, kuma a kunnen da bai horu ba duk ukun abu ɗaya ne, alhali a wurin ciniki tazarar bakwai da sittin tana da yawa. Ka riƙe ƙyallen takarda a gaban bakinka, idan ka furta mai iska ta motsa, idan ka furta marar iska ta tsaya. Kada kuma ka ɗauka ɗ namu shi ne ड nasu, domin namu ana jan iska ciki ne, nasu kuwa naɗe harshe ake yi. Mu Sakkwatawa muna da ƙarin aiki a kan p da ph, tunda Hausa ba ta raba p da f, kuma a bakinmu fa takan koma hwa. Ka roƙi malami ya saurare ka a kan pal, ɗan lokaci, da phal, 'ya'yan itace, tun a makon farko, kafin kuskuren ya zauna.

Nahawun ba shi da ban tsoro idan an san inda ya saɓa wa namu. Aikatau yana zuwa ne a ƙarshen jimla, don haka sai an jira ƙarshe kafin a san abin da aka yi. Kowane suna namiji ne ko mace kamar a Hausa, sai dai alamar ta juye: mu kalma mai ƙarewa da a yawanci mace ce, su kuwa mai ƙarewa da dogon a yawanci namiji ne, mai ƙarewa da dogon i kuma mace. Saboda haka ka riƙa haddace kowane suna tare da jinsinsa daga ranar da ka fara ganinsa. Wajen kiran mutum akwai matakai uku, tuu da tum da aap, kuma aap za ka yi wa malami da likita da duk wanda ba ka sani ba, kamar yadda muke cewa ku ga manya. Lambobi daga ɗaya zuwa ɗari kusan kowace da sunanta, ba sa bin ƙa'ida mai sauƙi irin tamu ta sha ɗaya da sha biyu, don haka ka raba su goma sha biyu ko sha uku a kowane mako maimakon ka tara su zuwa daren jarrabawa.

Sai batun wuta da layi, wanda malamin da ke Madison ko Jaipur ba zai yi tunaninsa a madadinka ba. Ka tanadi layuka biyu na kamfanoni daban-daban, ka gwada su a ɗakin da za ka zauna kuma a daidai lokacin da za a riƙa darasi, domin ƙarfin sabis a Mabera da na Arkilla ko Dundaye ba ɗaya ba ne. Awa ɗaya ta Zoom da bidiyo tana iya cin kusan gigabait ɗaya, ka ninka wannan da awa 160 ka ga abin da za ka ware na data, ko da yake rufe kyamara idan malami ya amince yana rage cin. Ka yi cajin kwamfuta da waya da fawa banki tun da safe, wanda ke da sola kuma ya huta. Ka sayi abin sawa a kunne mai makirufo, domin idan ruwa ya sauko a kan rufin kwano ba za ka ji bambancin t da th ba ko da malamin yana ihu. A wayarka ka ƙara Hindi a cikin Gboard, wato manhajar madannan rubutu, domin ka iya rubuta aikin gida da Devanagari. Idan kana da gona, ka san wanda zai kula da noma da zuba taki a waɗannan makonni, domin kwas ɗin ba ya barin rabin yini ga wani aiki.

Da an fara, ka mayar da bayan sallar Asuba lokacin bita, minti arba'in na kalmomin jiya kafin hayaniyar gida ta tashi. Manhajar Anki tana taimakawa wajen dawo maka da kalma daidai lokacin da kake shirin mantawa da ita. Ka nemi abokin aji ɗaya ku riƙa musayar saƙon murya ta WhatsApp kullum, ko da jimla biyar ce a kan abin da kuka ci da inda kuka je. Wajen tsakiyar kwas za a shigo da shuɗaɗɗen lokaci da ƙaramar kalmar Hindi "ne", inda aikatau yake daina bin jinsin mai aikatawa ya koma bin abin da aka aikata, kuma a nan ne gwiwar ɗalibai da yawa take sanyi. Kada ka yi fashin aji a wannan mako ko da ba ka gama aikin gida ba, ka je ka yi tambaya.

Finafinan da muka taso da su suna da amfani idan an yi aiki da su da tsari. Ka nemi na asali wanda ba a fassara shi da Hausa ba, ka zaɓi fitowa ɗaya ta minti uku, ka saurara sau da yawa, ka rubuta abin da ka ji da Devanagari, ka kai wa malami ya duba. Za ka ji kalmomin da suka zo musu daga Larabci kamar duniyaa da khabar da waqt da javaab, waɗanda kunnenka ya riga ya sani. Sai dai ka lura cewa jarumai suna yawan yi wa juna tuu da tum, abin da zai zama rashin ladabi idan ka yi wa dattijo ko ma'aikaciyar asibiti. Labaran rediyo da talabijin kuwa sun fi cika da kalmomin Sanskrit, tsohon harshen Indiya, don haka ka bar su sai bayan kwas.

Kafin a rufe aji, ka nemi takardar shaida da ta nuna yawan awannin da ka yi da matakin da ka kai, kuma ka shirya ci gaba da malami aƙalla sau biyu a mako daga watan Satumba, domin abin da aka koya da sauri yana saurin zubewa idan an bar shi. Wanda ke son zurfafawa ya nemi bayani a ofishin jakadancin Indiya da ke Abuja game da tallafin karatu na gwamnatin Indiya, wadda ke ɗaukar nauyin ɗaliban ƙasashen waje zuwa cibiyar Kendriya Hindi Sansthan da ke Agra, kuma wannan takardar shaida yana iya haɗa ta da takardun neman gurbinsa.