Kafin ka saka kyamarar tsaro a cikin gida

Tunda kyamarorin nan masu haɗuwa da waya suka yi araha, magidanta da yawa a Gombe sun fara sakawa, daga Tumfure har Pantami. Ba laifi, amma don Allah ka fara zama da iyali tukuna. Kar uwargida ta tashi da safe kawai ta ga ido a bango, wallahi za ta ji kamar zarginta kake, in kuma mata biyu gare ka to ko dai duka ɓangarorin ko babu ko ɗaya.

Wurin sakawa shi ne ƙofar gida, zaure, gareji da wajen janareta. Ɗakin kwana, banɗaki da ɗakin 'yar aiki kam a'a. Tsakar gida ma ka yi tunani, nan ne fa mata ke zama ba mayafi lokacin zafi, ana kitso ana shayar da jariri, to ka karkatar da ita ta kalli ƙofa kawai.

Abin da ya fi damuna shi ne fasawod. Yawanci da na kamfani take zuwa, irin su admin, kuma yaron da ya ɗaura maka ya san shi, yana iya kallon falonka daga shagonsa. Yana tafiya ka canza, ka cire wayarsa daga manhajar. Ka kashe makirfo in ba ka buƙata, ka ajiye bidiyo a memori maimakon intanet, ka kuma saka wa matar gidan manhajar a wayarta ta riƙa kashewa in baƙi mata sun zo.